Giɓin da Kawu ya ƙi bari

Tsoron ya kama ni ne a lokacin da mai rediyo ya kira jirginmu, ya sake kira, sannan ya zare abin sauraro daga kunnensa ya hau duba wayar na'urar, kamar laifinta ne. Ina tsaye a bayansa da kofin shayin da ban kurɓa ba. Ba abin da ke fitowa daga na'urar sai shuuu. Mutum biyu ne a cikin jirgin: matuƙi da Kawu.

Ba kawuna ba ne na jini. Haka duk ofis ke kiransa, har Manaja da ya girme shi. Kamfaninmu taswira yake zanawa daga hotunan da ake ɗauka ta sama. Ban daɗe da gama jami'a ba aka ɗauke ni, aka ba ni teburin da ke jikin nasa, ƙarƙashin fankar da ke ƙara kamar za ta faɗo. Aikin Kawu shi ne ya tsara layukan da jirgi zai bi, sannan ya hau ya zauna kusa da kyamara ya ga an bi su.

Jirgin hoto ba yawo yake yi ba. Miƙewa yake yi har ƙarshen fili, ya juyo ya kama layi na gaba, kamar mai huɗa a gona. Tazarar da ke tsakanin layi da layi kuwa, a kanta Kawu ya yi furfura.

"'Yata, kin taɓa tsayawa kin ga ana rufa kwano?" Abin da ya fara tambayata ke nan ranar da na kama aiki.

Na ce na gani daga nesa.

"To babana kafinta ne. Kowane falle sai ya hau kan gefen ɗan'uwansa. In ya ga yaro ya ja su don tsimin kwano, ba ya ma magana, sai ya ce ya kwana a ɗakin ranar ruwa. Hotunanmu haka suke. Na wannan layi dole ya hau gefen na wancan, in ba haka ba taswira ta yi yoyo."

Kafin ya ja layi ko ɗaya, sai ya tsare mai aiki da tambaya: mene ne mafi ƙanƙantar abin da kake son gani? In garuruwa ne da manyan hanyoyi, jirgi ya yi sama sosai, hoto ɗaya ya kwashi ƙasa mai faɗi, layuka su yi nesa da juna, a gama da wuri. In kuwa rijiya kake so da kwalbati da hanyar ƙafa, sai jirgi ya sauko, kowane hoto ya ɗauki ɗan wuri, layuka su matsu. A kan tsaunuka yakan ƙara matse su, domin can ƙasa ce ke tasowa ta tari jirgi, hoton ya tsuke. A makaranta mun yi wannan da lissafi. Kawu ma ya iya lissafin, yana kuma jin daɗi in na riga shi fitar da amsa, har ya leƙa ɗakin Manaja ya yi masa gori da ni.

A ƙasa ya fara, yana riƙe wa masu safiyo sandar awo a cikin rana, ya yi karatu yana aiki har ya zama safiyo shi ma. Abin dariyar shi ne tsoron bisa yake yi. Matarsa, wadda muke kira Goggo, ta taɓa gaya mana cewa ita ke hawa kujera ta canza ƙwan lantarki a gida, shi yana ƙasa yana riƙe ƙafar kujerar yana ba da umarni. Har yau ba ya shiga jirgi sai da leda a aljihu. Na tambaye shi me ya sa bai bar wa wani hawan ba.

"Ni na ja layin, wa zan bar wa ya je ya ga ƙaryata?"

Yana da mita, yana da taurin kai, kuma in ya ari fensirinka ka yi masa bankwana. Shi da matuƙi kullum cikin tsiya suke. Kawu ba ya kiransa sai Direba, shi kuma ya ce masa Fasinja.

Aikin da ya kai su can na wani kwari ne da ruwa ke ci duk damina. Ana son taswira mai ma'aunin ɗaya bisa dubu biyar, wadda za a ga kowane gida a kanta, don a san inda za a haƙa magudana da gidajen da za a tasa. Da muka jera hotunan tashin farko a kwamfuta sai ga wani siririn baƙin zare a gefen tsauni. Iska ce ta tura jirgi ya kauce a layi ɗaya, hotunan ba su haɗu ba.

Manaja ya leƙo ya ce, "Ɗan wannan? A cike shi daga tsohuwar taswira mana."

"Ranka ya daɗe, tsohuwar ɗaya bisa dubu hamsin ce," in ji Kawu. "Kaurin layin fensir a kanta ya haɗiye gida da garkensa. Ga rufin ɗaki nan ya leƙo a bakin giɓin, ga wani a ɗaya gefen. Akwai mutane a tsakiya. In ba su a takarda, mai haƙa zai bi ta tsakar gidansu, ko a tashi kowa a manta da su."

"Kawu, hadari na haɗuwa kullum da rana."

"Shi ya sa za mu yi sammako. Layi ɗaya ne tak."

Manaja ya dubi matuƙi. Matuƙi ya ɗaga kafaɗa ya ce safiya lafiya take, in dai Fasinja ba zai tsaya gaishe-gaishe ba.

Washegari suka tashi da sassafe, sama tana garau. Can muka ji muryar Kawu a rediyo: "Yau Direba ya yi abin kai, layi kamar an ja da rula. An rufe giɓi. 'Yata, ɗora ruwan shayi." Matuƙi ya karɓe: "Ku shirya karɓar kayanku, ya cika min kunne." Ya ƙara da cewa gajimare ya taso ta gabansu, zai ɗan kewaya. Daga nan ba mu sake jin su ba.

Masu ceto sun iso da nasu jirgin, shugabansu ya shimfiɗa taswira a teburin Kawu ya tambayi wa ya san tsarin tafiyar. Kowa ya juyo ya dube ni. Ya ce suna da zaɓi biyu: su buɗe layukan nema su share ƙasa mai yawa kafin hadari ya rufe, ko su matse su, su duba kaɗan. Na ɗauki rula. Na nuna masa cewa gefen tsaunin duk itatuwa ne da kwazazzabai, ƙaramin jirgi zai iya kwanciya tsakanin layi biyu masu faɗi ba wanda ya gan shi, a kuma ɗauka an duba wurin. Na ja musu layuka a matse daga ƙarshen layin Kawu zuwa hanyar dawowa. Ya duba, ya gyara biyu, ya naɗe takardar ya fita. Ban sani ba ko daidai na yi. In su Kawu sun kewaya nesa fiye da zatona, matsewar nan ta ci wa masu nema lokaci.

Goggo ta zo da kanta, ba ta jira an je gida an gaya mata ba. Ta zauna a kujerarsa ta ɗora jaka a cinya. Da ta ga idona ta ce, "Ke, share fuskarki. Mutumin nan ko kasuwa na aike shi sai ya tsaya gyara wa mutane rumfa." Muka yi 'yar dariya, sannan ta kama hannuna ta riƙe gam, ta ƙi saki.

Jiya masu ceton sun bi rabin layukan ruwa ya kore su, ba su ga komai ba. Yau da safe sun sake tashi su bi sauran. Matar matuƙi ma ta zo, tana zaune kusa da Goggo. Mai rediyo bai bar kujerarsa ba. Har yanzu da nake rubuta wannan, ba a kira ba.