Ajiyar Baƙon Sheme

Yaƙin ƙasarsu ne ya koro shi. Ya ratso Sudan da Cadi a bayan manyan motoci har ya tsaya a Sheme, inda nake dillancin shanu a lokacin. Mutumin Somaliya ne, dogo, marar yawan magana. Na ba shi shagon ƙofar gidanmu, yana taya ni kora dabbobi ranar kasuwa.

Sai da Hausarsa ta nuna sannan ya gaya mani aikinsa na da. Wasannin kwaikwayo yake rubutawa, ana yin su a wani babban zaure a birninsu na bakin teku. Ya taɓa shirya fim, amma fim ɗin ya ƙone tare da ginin da aka ajiye shi a ciki. Waƙoƙinsa kuwa a kawunan mutane suke. A al'adarsu mawaƙi yakan ba wasu waƙarsa su haddace su kai ta gari-gari, kuma babban abin kunya ne mai riƙon ya canja ko kalma guda. Masu riƙe da nasa duk sun watse, bai san wanda ya rage ba.

Wata rana bayan la'asar ya ji ina tilawa a zaure. Ya ce, "Malam, kanka na riƙe abu. Zan ba ka ajiya."

Na ce, "Ni da ko sannu ban sani ba da yarenku?"

Ya ce, "Larabcin da kake zubawa, duka kake ji?"

Na yi dariya, don ya kama ni.

Rani guda muka yi yana biya mani. Waƙa ce doguwa a kan rijiyar ƙauyen mahaifiyarsa da raƙuman da ke layi a bakinta. Iyakar abin da na sani ke nan, ban nemi fassarar baiti-baiti ba, ina ganin akwai lokaci. Da damina ta faɗi ya sami labarin an ga 'yarsa a wani sansani a Kenya. Na raka shi tasha. Ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Da farko nakan rera ta a kara, kasuwar shanu, sai abokan dillanci suka fara cewa na koyo yaren aljanu. Na koma yin ta a gona, inda ba kowa. Yanzu gonar ma ba ta zuwuwa, ƙafa ta ƙi, hanyar kuma ba lafiya. A ɗaki nake yi, ƙasa-ƙasa.

Bara na iso tsakiyarta na tarar baiti ɗaya ya fita. Na san tsawonsa, na san inda murya ke sauka, kalmomin ne babu.

'Yata da ke aure a Faskari ta zo, ta ce in rera ta ɗauka a waya kafin sauran su bi shi. Da na zo wurin na yi shiru.

Ta ce, "Baba, ka cike da wani abu mana. Wa zai gane?"

Na ce mata ba tawa ba ce. Na jira daidai tsawon baitin, sannan na ɗora.

Da muka gama ta tambaye ni wa za ta tura wa. Na ce ta dai ajiye.