Malam Lyuben da Kalmarsa Guda

A benenmu na birnin Ruse babu wanda ya yarda da Malam Lyuben, ni ma ban yarda da shi ba. Turanci yake koyarwa a sakandare, a zamanin da jin Turanci kansa abin tuhuma ne a idon hukuma. Ga shi gwauro, ga shegen tambaya.

Kalma guda ta Turawa ya ƙwallafa wa rai, wai ita "perform". Ko muna gasa tattasai a tsakar gida lokacin kaka, sai ya tsugunna ya dame mu da ita. Wai daga tsohon Faransanci ta fito, asalinta kai abu har ƙarshensa. Da ita suke cewa an yi aiki, an cika alkawari, an yi wasa a dandali. Daga nan sai ya juyo gare ni: "Ke Nevena, yau me kika aikata? Kin fara ne, ko kin gama?"

"Malam, ina ruwanka da abin da na aikata? Aiko ka aka yi?"

Sai ya yi dariya. Ni kuwa na ɗauka rahoto yake tara wa hukuma.

Wata safiya baƙar motar 'yan sandan ciki ta zo ta tafi da Gancho makaniki, saboda wata ba'a da ya yi a kan layin sayen nama. Kowa ya ja ƙofarsa, sai Lyuben kaɗai ya leƙo. Ina ji ta bayan ƙofa Gancho yana cewa, "Malam, ga tsohuwata nan. Amana!"

Shi ke nan, muka yanke hukunci. Wa zai iya buɗe ƙofa a irin wannan ranar in ba ɗan rahotonsu ba? Mijina Stoil ya fi kowa zaƙewa. "Munafukin banza," in ji shi, "ya sayar da ɗan, yanzu ya koma gadin uwar."

Aka daina gaishe shi. In ya shigo, hira ta mutu. Shi kuwa kullum yana hawa bene da miyar wake da burodi, ya ciyar da Baba Donka, uwar Gancho, wadda idonta ya tafi. Ya ɗebo mata gawayi, ya yanke mata farce. Shekaru yana wannan, kansa ya yi fari, mu kuma muna cewa alhaki ne ke cin sa. Da ta rasu, shi ya bi gida gida yana roƙon masu ɗaukar gawa.

Da mulki ya sauya, aka sako Gancho. Mun ji an ce a kotu sun haɗa shi ido da ido da wanda ya kai ƙararsa, don haka duk muka fito bakin ƙofa mu ga yadda zai yi da Lyuben. Ya hau a hankali, ya rame kamar tsinke. Ya ƙwanƙwasa. Da Malam ya buɗe, sai Gancho ya kama hannunsa ya sumbata, yana kuka.

Bakina bai iya shiru ba. "To Gancho, in ba shi ba ne, wane ne?"

Kallo kawai ya yi ta saman kafaɗata zuwa cikin ɗakinmu. A duk benen, Stoil ne kaɗai bai fito ba. Ina tsaye na ji ya ƙara wa rediyo murya.