Bargon da Jindi Ta Shanya a Kan Gora

A duk lungunmu na unguwar Hongkou, a birnin Shanghai, ba a yi mace mai tsabtar Ruan Jindi ba. Mijinta, Miao Genfa, gyaran keke yake yi a bakin titi. Kullum ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu, ba ya taka ɗaki sai ya wanke a famfo ta duba. 'Yarsu ɗaya ce, Lan, shi ya sa kowa ke kiranta Maman Lan. Ba ta yi karatu ba. Abin da ta iya shi ne allura, da manna kwalayen ashana a ɗakin aikin unguwa, da goge dokin ƙofa tun kafin mai kwasar bahaya ya wuce da amalankensa.

Dab da yaƙin duniya na biyu, da Yahudawa suka yi ta sauka daga jiragen ruwa suna gudun kisa a Turai, wata Madam Zerner mai ɗinkin huluna ta kama ƙaramin ɗakin da ke kan matakalar gidan su Jindi. Tana nan har sojojin Japan suka killace Yahudawan a unguwar, aka ce ba mai fita sai da kati. A nan mijinta ya rasu. Ɗansu ɗaya bai samu fitowa ba, an kama shi tun a can Turai, ba wanda ya san inda aka kai shi. Madam da Jindi a madafa ɗaya suke girki. Jindi ta koya mata hura gawayi ba tare da ta turnuƙe gidan da hayaƙi ba, ita kuma ta koya wa Jindi ɗinkin da ba a ganin zarensa ta waje.

'Yan shekaru bayan yaƙi Madam ta samu jirgin da zai kai ta wurin ƙanwarta. Ranar tafiya ta sauko da wani ƙunshi, ta kwance shi a kan gadon Jindi. Fasfo biyu ne, kowanne da hatimin mikiya da wani ƙaton jan harafi a shafin farko. Da katin fita unguwa mai hotonta da hatimin Japan. Da takardun da aka ƙwace shagonsu na Turai da su, da hotunan yaron, da adireshin inda za ta.

"Madam, don me ba za ki tafi da su ba?" in ji Jindi.

"Ba sa kai kowa ko'ina yanzu. Ɗana kuma gidan nan kaɗai ya sani. In yana da rai, nan zai zo. Ki ba shi, ya ga abin da aka yi mana."

Jindi ta sa ƙunshin a ƙasan akwati. Duk shekara, in ruwan farkon zafi ya ɗauke, wannan ruwan da ke sa komai ya yi fumfuna, sai ta fito da takardun ta baza a taga su sha rana. Ba wanda ya taɓa tanka mata.

A shekarar 1966 abubuwa suka canza. Matasa masu jan ƙyalle a damtse suka fara shiga gidaje suna zazzage akwatuna, suna neman duk abin da ya shafi ƙasashen waje. Wani malamin makaranta a lungun baya, kati ɗaya mai rubutun waje aka samu a littafinsa. Aka aske masa rabin kai, aka durƙusar da shi a kan katakon wanki tun hantsi har rana ta karkata, mutane na wucewa ba mai iya kallonsa. Jindi ta gan shi da idonta. Ta dawo gida ta tarar Genfa ya riga ya fito da ƙunshin.

"Maman Lan, hatimin Japan ne fa wannan," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ga na Jamus. In aka gan su, wa zai tsaya jin labarin wata mai huluna? 'Yan leƙen asiri za a ce da mu. Kawo murhu."

"Ka ƙona, hayaƙi ya fita ta ina? Yaya Dou mai kula da lungu hancinta ya fi na kare."

"A jiƙa, a zuba a fo."

"Ka manta da mai shagon agogo? A bokitin bahaya aka ga guntun takardunsa." Ta karɓe ƙunshin ta rungume. "Kuma amana ce, Baban Lan. A hannuna ta sa."

"Amanar za ta je gidan yari a madadinmu? Lan fa?"

Ta ƙara ƙanƙame ƙunshin. Da ya fita sai ta sakaya ƙofa, ta farke babban bargonsu na auduga, ta naɗe kowace takarda a tsohon ƙyalle, ta tura cikin audugar ɗaya nesa da ɗaya, ta bi da allura ta kafe. Ta mayar da rigar bargon da ɗinkin Madam. Duk sanyin shekarar a ƙarƙashinsa suka kwana. In Genfa ya juya sai ta ji kamar an ji ƙarar takarda har titi.

Wannan Yaya Dou ita ce mai kula da tsabta da tarbiyyar lungu, mace mai faɗin murya, wadda ta san abin da ke tukunyar kowa. Ita ke manna jar takarda a ƙofar gidan da ya fi tsabta, fara kuma a ƙofar ƙazamai. Jar takarda ba ta taɓa barin ƙofar Jindi ba.

Ruwan farkon zafi ya dawo, ya yi ta zuba har bango ya fara gumi. Wata safiya Jindi ta sunsuni bargon ta ji warin fumfuna. Ta san in bai sha rana ba takardun za su ruɓe a ciki, duk wahalar ta tashi a banza. Ta kuma san in ta shanya shi, ta rataye wuyan mijinta ne a tsakiyar lungu kowa na gani. Ranar farko da rana ta fito, gororin shanya suka cika da barguna daga taga zuwa taga, gorarta kaɗai ba kome.

Yaya Dou ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai. "Maman Lan! Yau me zan gani? Sarauniyar tsabta ba ta shanya ba? Ko zinariya kika ɓoye a bargon?"

Matan da ke wanke shinkafa a famfo suka kwashe da dariya. Jindi ma ta yi ta yaƙe.

"Bayana ne ya riƙe, Yaya. Gobe."

Washegari ta shanya. Ta zaɓi gorar da ta fi tsayi, ta ninke bargon biyu, ta tafi ɗakin aiki tana waiwaye. Ranar kuwa aka ce a ajiye ashana, za a karanta musu jarida, aka rufe ƙofa. Ana cikin karatu gari ya yi duhu. Ta ji ɗigon farko a kan kwano, sannan ruwa ya kece.

A lungunmu in ruwa ya sauko, duk wanda ke gida yakan kwashe shanyar maƙwabta, ba ya tambayar ta wace ce. Jindi kanta ta sha yi wa mutane. Yanzu tana zaune tana roƙo a zuciyarta kada kowa ya yi mata wannan alherin, tana kuma roƙon kada ruwan ya ratsa audugar. Tashi a tsakiyar karatu kuwa laifi ne da ake rubutawa. Ta matse hannayenta tsakanin cinyoyi har aka tashi.

Da ta shigo lungu da gudu, gorarta ba kome a kai.

"Yana wurin Yaya Dou," wata maƙwabciya ta ce. "Da kanta ta hau ta sauko miki da shi. Kin ga gata."

Jindi ta hau matakalar gidan Dou. Ƙofa a buɗe take. Bargon na shimfiɗe a kan gadon Dou, ita kuma tana zaune a gefe, almakashi a hannu, har ta tsinke zaren kusurwa ɗaya.

"Yawwa, mai bayan da ya riƙe! Shigo. Rigar ta jiƙe, in ba a cire ta ba audugar za ta lalace. Kama can, mu farke tare. Kai, wannan ɗinki naki, sai da na sa tabarau kafin na ga zaren."

"Yaya, bar shi, kada in wahalar da ke. Zan yi a gida."

"Da wane bayan? Ke dai ba ki son a taimake ki, girman kai kamar matar gwamna." Ta daki bargon da tafin hannu, ta ɗan karkata kai. "Audugar nan ta yi gudaji-gudaji. Ji nan, tauri kamar kwali. Yaushe rabon da mai shiɓa ya taɓa ta?"

Hannun Dou a kan fasfo yake. Jindi ta san wurin, ita ta kafe shi. A zuciyarta ta ga malamin nan durƙushe a kan katako, ta ga Genfa a wurinsa. Almakashin ya sake shiga ƙarƙashin zare.

"Yaya," ta ce, "ɗaga shi daga gadonki. Kuɗin cizo ne a ciki."

Almakashin ya tsaya.

"Me kika ce?"

"Sun cika shi. Gudajin nan duk gidajensu ne. Shi ya sa jiya na ji kunyar shanyawa."

Dou ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta fizgi bargon da yatsu biyu ta wurgar ƙasa, tana kakkaɓe zanin gadonta tana susar wuya.

"Wayyo ni! A kan gadona! Ke, Maman Lan? Ke da na yi shekaru ina nuna ki ga mutane? Ashe goge ƙofa kawai kika iya, ciki ruɓaɓɓe!" Ta leƙa taga ta buɗe murya. "Jama'a, kowa ya duba shanyarsa! Kuɗin cizo a gidan Miao!"

Jindi ta sunkuya ta tattara bargon. Dou ta biyo ta har matakala tana ba da umarni: a zuba tafasasshen ruwa a katakon gado, a shanya wannan ƙazantar duk ranar da rana ta fito, amma a gorar ƙarshen lungu, nesa da ta mutane. Kafin magariba an ɓanɓare jar takarda daga ƙofarta an manna fara.

Genfa ya dawo ya tsaya yana kallon farar takardar. Da ya ji yadda aka yi, ya zauna a bakin gado bai ko wanke hannu ba, ita kuma yau ba ta kora shi famfo ba.

"Ba ta gani ba?"

"Ta taɓa."

Ya dubi bargon. Sannan ya ce, "Gobe zan kafa miki gorar."

Daga ranar ba wanda ya sake kwashe wa Jindi shanya, ko da ruwa kamar da bakin ƙwarya. In ta shiga ɗakin wata, sai a janyo mata kujerar katako kada ta zauna a gado. Yara suka riƙa tsokanar Lan a makaranta, ta yi kwanaki ba ta yi wa uwarta magana. Jindi ba ta taɓa wanke kanta daga zargin ba. Ko bayan da zamani ya lafa, aka daina shiga gidaje, in ta ji taku da yawa a lungu sai ta miƙe ta tsaya tsakanin ƙofa da gado. Ɗan Madam bai zo ba.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da ita ta sa Lan ta kawo almakashi, ta nuna mata inda za ta fara farke bargon. Bayan rasuwarta Lan ta kai takardun wurin masu tattara tarihin 'yan gudun hijirar unguwar. Suka duba su ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda fumfuna ta ci. Hoto ɗaya ne kawai ruwa ya taɓa, na yaron yana tsaye a ƙofar shago, ya wanke gefen hagu har kafaɗarsa, ya bar fuskar.