Hannun wa ke cikin kaset ɗin zambo?

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani mai kalangu, mutumin Tsibiri. Allah ya jiƙansa. Na so in yi zancen kirkinsa kaɗai, amma wani kaset ya hana ni.

Ya rasu lokacin da parti-parti suka yi yawa, kowane ɗan takara da makaɗinsa. Wata biyu bayan jana'iza sai ga kaset a kasuwar Maraɗi, kalangu yana yi wa Alhaji Idi na Jirataua zambo. Alhaji kuwa shi ne uban mijin Hajo, ɗiyar Sani. Duk wanda ya tashi a nan yana jin maganar kalangu, kowa ya ji abin da aka ce masa. Aka ce kiɗan Sani ne. Tun ranar Alhaji bai ƙara amsa gaisuwarmu ba, Hajo tana zaune a gidan da ake kallonta da laifin ubanta.

Bana zaɓe ya matso, an sake fito da kaset ɗin. Ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, don haka wannan karon da idona na karanta sunan yayana a jikin kwalin.

Ban yarda ba. Na sha raka Sani ɗaukar kiɗa a Sabon Gari. Kafin a danna rediyon sai ya ja baya taku uku, ya juya fatar gefe. "Abin nan kunnen jariri gare shi," in ji shi, "ka yi masa tsawa ya fashe da kuka." A dandali da dantse yake bugu. Gaban na'ura kuwa da wuyan hannu kaɗai, kusa da bakin fata, yatsun hagu suna kashe amon kafin ya yi tsawo. Shi ya sa a kaset ɗinsa kana jin kowace kalma, kana jin ƴan amshi sarai. Na zambon, tsakiyar fata ake duka. Sautin ya fashe kamar an zuba tsakuwa a kwano, ya danne kowa.

Na gaya wa mai sayar da kaset. Ya yi dariya. "Baba, pil ɗinka ne ya yi sanyi." Na sa wa rediyona sabon batir, sautin bai canza ba. Na tambaye shi wa ya kawo masa asalin, ya ce ya manta, yana kallon titi.

Ba zan ɓoye ba: a shekararsa ta ƙarshe Sani da Alhaji sun yi cacar baki kan siyasa, kuma mai fushi yana iya mance dabararsa. Wannan ma yana ci mini rai. Da Sani zai ga yadda yau ake kwafe kiɗa a liƙa masa sunan da aka ga dama, ina jin da ya rataye kalangun.

Bai bar gona ba, bai bar shago ba. Hannunsa ne kawai ya rage, shi zai yi masa shaida.

Makon jiya na hau kabu-kabu zuwa Jirataua da kaset biyu, nasa na gaske da na zambon. Alhaji ya saurari duka a rediyo bai dube ni ba. Na gaya masa bambancin bugun.

"Ni ba makaɗi ba ne, Mamman."

"Ni ma haka, Alhaji. Kunne dai."

Ya zare na zambon ya sa a aljihu. Ban san me zai yi da shi ba. Ya ce in mayar da na gasken cikin rediyon. Da kiɗan ya tashi sai ya juya wajen ƙofar gida.

"Hajo! Zo ki ji hannun babanki."