Ranar da Baba Ya Kama Ni a Gandun Daji

Ranar wata Alhamis ce cikin rani, kwana uku bayan ƙaramar Salla, ina 'yar shekara tara, mahaifina ya kama ni da gatari a cikin gandun dajin da aka ba shi tsaro. Inna ce ta aike ni neman itace, na tarar kiraren kusa da gari duk an tsince. Sai na tsallake tulin duwatsun da aka jera a kan iyaka, na sami wata 'yar bishiyar ƙirya na shiga sara. Ban ji takun dokinsa ba sai da ya tsaya a kaina. Ya sauko, ya sa yatsa a wurin saran, ya ce, "Hauwa, mi iccen ga yay yi miki?"

Baba malamin daji ne na En'e a ƙasar Rabah, muna zaune a Maikujera. Bayan ya gama elementare Turawan daji suka koya masa awon ƙasa da renon dashe. Aikinsa ya zagaya gandu, ya rubuta inda wuta ta ci da inda zaizaya ta fara. Da damina a tura shi Goronyo ko Wurno ya duba gaɓar gulbin Rima, ya ga inda ruwa ya kai a jikin wani turke mai zane-zane. Ɗakinsa cike yake da ƙoƙunan iri, da ganyayen da ya danne tsakanin alluna. Mutane ba su son aikin nan. Manoma na cewa an cinye musu saurar gona, Fulani na cewa an matse musu burtali. Ga shi mako guda kafin nan ya karɓe gatarin maƙwabcinmu Ɗanjuma a kan irin laifina.

Ya sa ni gaba har ƙofar maigari, ya faɗi abin da na yi a gaban jama'a. Maigari ya yi dariya ya ce, "Yarinya ta, Malam, a bar ta." Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, in na bar ɗiyata, da wane ido zan dubi Ɗanjuma?" Aka ajiye gatarinmu kusa da na Ɗanjuma, ni kuma aka ɗora mini ban ruwan dashen dalbejiya da ke hanyar kasuwa har saukar damina. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Da kara da kashin shanu muka yi ta girki.

Kullum kafin makarantar allo nakan kai tulu rijiya sau huɗu, da la'asar ma haka, ina jiyo tafin ƙawayena a dandali. Awaki suka cinye min dashe ɗaya, na kewaye saura da ƙaya. Gara ta kashe biyu, na zauna a gindinsu ina kuka. Baba bai yi faɗa ba, ya nuna min yadda ake zuba toka, ya kawo wasu muka dasa. Daga nan ya fara tafiya da ni bakin gandu, yana ɓantaro ɓawo ya ce in sunsuna in faɗi sunan itacen. Abin da bai sani ba yakan tambayi wani tsohon Bafillace, Ardo Buba, ya durƙusa kamar ɗalibi. Da kaka ta zo wuta ta tashi a gefen gandu, Ɗanjuma ne ya fara rugowa gidanmu da labari, shi ne kuma a gaba da ɗanyen reshe wajen kashe ta.

Bara jikana da ke karatun gandun daji a jami'a ya zo da littafi, ya ce in lissafo masa itatuwan wancan daji. Na jero masa marke, taura, kalgo, aduwa, farar ƙaya, tsada, har hannunsa ya gaji. Ya hau babur ya tafi dubawa, ya dawo da yamma ya ce gonakin gero ya tarar, sai sabara nan da can, da motar gawayi a bakin hanya. Itacen girkinmu ma yanzu daga nesa ake kawo shi. Na ce masa ya dai rubuta sunayen da kyau, tun ina iya tunawa.