Katin da na sayo don kaset ɗin maigidana

Maigidana mai ɗaukar bidiyo ne. Shekaru ya yi yana zaga ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo a kan babur, yana ɗaukar bukukuwan aure da suna da saukar karatu da wata kyamara mai cin ƙananan kaset. Da wayoyi suka yi yawa sai aikin ya ja baya, ya koma sayen albasa yana kaiwa Sakkwato. A hanyar Rabah 'yan bindiga suka tare motarsu. Gawarsa aka kawo mini.

Bayan na fita takaba ban taɓa kayan aikinsa ba. Kyamarar da kaset ɗin suna cikin akwatin ƙarfe, tsohuwar kwamfutarsa kuma na lulluɓe ta da zani. Ina zuwa makarantar da nake koyarwa, in dawo, in dafa wa yara abinci.

Wata ranar Juma'a wata tsohuwa ta yi sallama. Ta ce daga wani ƙauye take a ƙasar Rabah, an tashe su, yanzu suna zaune a wani kango a bayan gari. Maigidana ne ya ɗauki bikin ɗiyarta. Ɗiyar ta rasu wajen haihuwa a shekarar da suka gudo, faifan da aka ba su kuma ya ƙone tare da ɗakin.

"Ɗiyata," ta ce da ni, "ba ni son komi. Huskatta nika son in gani, ta hwara ɓace min."

Na ce ta ba ni lokaci. Na buɗe akwatin, na sami kaset ɗin da sunan ƙauyensu a jiki. Kyamarar tana tashi, amma ɗan allonta ya mutu tun tuni, sai an haɗa ta da kwamfuta ake ganin hoto. Katin da ke haɗa su kuwa ya ƙone tun maigidana yana raye. Ya sha cewa zai sayo wani.

Na naɗe kwamfutar a zani, na sa kyamarar da kaset ɗin a jaka, na shiga motar Sakkwato. Har muka wuce Acida kwamfutar tana kan cinyata. Shagon farko suka miƙo mini wata 'yar wayar haɗa kyamara da kwamfuta, suka ce ta isa. Na tuna maigidana ya taɓa sayen irinta ya yar, don ba ta ɗauko hoto mai motsi. Wani shagon suka ce an daina yayin wannan kaya. Sai can cikin lungu na sami wani mai gyara, ya kwance murfin kwamfutar, ya nuna mini wani dogon farin rami a ciki inda katin yake zama.

Kati biyu ya fito da su. Ɗaya sabo a kwalinsa, mai baki huɗu, kuɗinsa ya fi ƙarfina. Ɗayan na hannu ne, an ciro shi daga wata matacciyar kwamfuta, bakinsa biyu, gefensa har ya fara tsatsa. Na tambaye shi bambancinsu. Ya ce aikinsu ɗaya, tunda kyamara ɗaya gare ni baki ɗaya ma ya ishe ni, sai dai na hannun ba zai yi mini rantsuwa a kansa ba. Na daɗe ina juya su a hannu. Ina jin kamar rowa nake yi wa mamaci. Daga ƙarshe na ɗauki mai arahar. Ya soka shi, ya ɗaure, ya haɗa ni da waya mai kai biyu, babba da ƙarami. Ya ja mini kunne kada in soka ta a jikin kyamara tana kunne, bakinta zai ƙone. Ya so mu gwada kaset ɗin a nan, na ce a'a, ya gwada da nasa.

Ranar da tsohuwar ta dawo na aro janareta a maƙwabta. Na shimfiɗa mata tabarma, na sa kaset ɗin, na danna. Allon ya yi shuɗi, ya yi tsiri-tsiri, sai ga ƙauyen: rumbuna cike, mata suna daka, awaki suna ratsa taro. Ta fara kiran sunayen mutane, tana cewa wannan ya rasu, wannan an tafi da shi, wannan yana Goronyo. Sai ga amarya a lulluɓe, kanta a sunkuye.

A nan na ji muryarsa. Ban shirya mata ba, na manta cewa mai ɗauka ma yana magana. Daga bayan kyamara ya ce, yana dariya, "Amarya, ɗago kanki kaɗan mana, mi kika jin kunya?"

Yarinyar ta ɗago, ta yi murmushi, ta rufe baki da mayafi. Tsohuwar ta matsa har goshinta ya kusa taɓa allon. Ni kuma na fita tsakar gida na tsaya a bakin randa, na kasa ɗiban ruwan. Da na dawo ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, muka kalli sauran tare.

Labari ya bazu a kangon. Mutane suka riƙa zuwa da sunayen ƙauyukansu, ina nema ina juye musu a memori. Katin bai taɓa ba ni matsala ba. Kyamarar ce ta gaji, wata rana ta tauna kaset ta tsaya, mai gyaran ya ce ba a samun kayanta. Fiye da rabin kaset ɗin ban kai gare su ba, har da na sunan ɗanmu na fari.

Tsohuwar ba ta da wayar da za ta sa memori, don haka takan zo duk Juma'a ta kalli wanda na juye a kwamfutar. Da damina ta faɗi sai ta daina zuwa. Na aika kangon, aka ce sun koma ƙauye su yi shuka, duk da ba a ce hanya ta yi lafiya ba. Har yau ban sami wanda ya zo daga can ba.