Kubura da Igiyoyin Layi na Uku

Ran Talata, tara ga watan Maris na 1954, na fara ganin Kubura. Lokacin ina komi, wato magatakarda, a wani biro na gwamnati a Filinge, ni ke riƙe da takardun ofishin. A makon nan aka ƙara mini aiki: duk Talata in je zangon jinya in rubuta yadda ake kula da mutanen da ke can.

Zangon yana cikin kwari, tsakanin itatuwan goriba, tafiyar rabin awa daga gari. Ba wurin warkewa ba ne. An yi shi ne don waɗanda ciwo ya zaunar: masu kuturtar da ta cinye musu yatsu, masu shanyewar jiki, da tsofaffin da ba su da kowa. Bukkoki talatin da ɗaya ne a layi uku. Dokar da aka aiko daga Yamai ta ce mai jinya ɗaya ga mutum goma, saboda haka mata uku ke aikin. Kubura na da layi na ɗaya, kuma ita ce shugaba, ana ce mata uwar zango. Safi na da na biyu. Dijatu na da na uku, mai mutum goma sha ɗaya.

Na iske Kubura zaune gindin goriba tana tufka igiyar kaba. Za ta yi shekara hamsin, doguwa, ba ta da yawan magana. Ƴar wani ƙauye ce wajen Sanam. Ta zo zangon ne jinyar mijinta, ya yi shekara shida kwance. Da ya rasu ba ta koma gida ba.

Ta dube ni, ta dubi kayen rubutuna, wato littafin da nake rubuta rahoto a ciki. Ta ce, "Malam Hamidu, mu nan ba mu da alƙalami. Ka iya ƙidayar ƙulli?"

Na ce na iya.

Ta zagaya da ni. A ƙofar kowace bukka akwai igiya rataye. Sau huɗu a yini ake shiga wurin mai ciwo: hantsi, rana tsaka, la'asar da almuru. A juya shi don kada gyambon kwanciya ya kama shi, a ba shi ruwa, a duba miki. In mai jinya ta fito sai ta yi ƙulli ɗaya. A mako ƙulli ashirin da takwas ke nan. Ni in ƙidaya in rubuta, Kubura ta rataya sabuwar igiya. Ba a daɗe ba na gane hannun kowa. Ƙullin Kubura ƙarami ne matsattse. Na Safi sako-sako. Dijatu bahaguwa ce, tana yin ɗaurin akuya, zagaye biyu da ƴar jela a gefen hagu.

Doka ta biyu ta Kubura ce, ba ta Yamai ba. Mai jinya ba ta barin layinta, ko kasuwa za ta ko suna, sai ta tsaya gaban uwar zango ta faɗi yawan mutanenta da halin kowa, ta ce, "Na ba ki." Kubura ta ce, "Na karɓa." In ba a faɗi wannan ba, layin yana wuyanta duk inda take. Na taɓa ganin ta mayar da Safi daga bakin hanya, da kayan biki a jikinta, don ta manta.

A bukkar ƙarshe ta layi na uku akwai Baba Magagi, makaho, ba yatsa ko ɗaya a hannunsa. Shi kaɗai ke sa Kubura dariya. Matarsa yake ce mata.

"Matata, komin nan naki bai gaishe ni ba. Ko kishi shika yi?"

"Wa za shi kishi da kai, tsoho? Gyara kwanciya."

Haka muka yi shekara biyu. Ban taɓa samun igiya da ƙulli ashirin da bakwai ba.

Ran Alhamis, takwas ga Maris na 1956, gab da rana tsaka, Dijatu ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Rijiyar tana cikin zango, don haka ba a miƙa layi saboda ita. Ta ce wa Baba Magagi, "Ina zuwa." Can ta faɗi. Sanƙarau ne. Aka ɗauke ta zuwa gidan wanta a gari, ran Asabar ta rasu ba ta sake magana ba. Tulun kuwa an nema ba a gan shi ba.

Na rubuta takardar neman madadinta a ranar da aka yi jana'iza. Kafin amsa ta zo, Kubura da Safi suka raba layi na uku. Kubura ta faɗa mini gaskiya: hantsi da almuru kawai suke iya kaiwa can. Rana tsaka da la'asar kowa na kan nata goma.

Ran Talata, ashirin ga wata, na ƙidaya igiyoyin layi na uku. Ashirin da takwas. Na sake ƙidayawa, duk goma sha ɗayan, ashirin da takwas. Ga ƙullin Kubura, ga na Safi. A tsakaninsu, biyu-biyu, ga ɗaurin akuya da jelarsa a hagu.

Na kira Kubura na nuna mata. Ba ta taɓa igiyar ba.

Ta ce, "Na gani tun Juma'a."

Na ce, "Inna, wa ke yi?"

"Dubi hannuwansu, Malam Hamidu. Wa ke da yatsan ƙulli a layin ga?"

Daga cikin bukka Baba Magagi ya ce, "Mi kuka tambaya? Dijatu ce mana. Ta ce tana zuwa, ta zo. Hannunta dai ya yi sanyi, awa wadda ta kwana cikin randa. Amma juyi ba wanda ya kai ta."

Ni mutum ne mai son in gani da idona. Ran uku ga Afirilu na ƙi komawa gari. Na ɗauki tabarma na zauna gindin goriba, inda nake hango layukan uku gaba ɗaya. Rana ta take. Ko ganye ba ya motsi, kaji sun shige inuwa sun buɗe baki. Ina ganin Kubura a layinta, ina ganin Safi a nata. Layi na uku ba kowa.

Sai asabarin ƙofar farko ya ɗaga kaɗan ya koma. Na ji gadon kara ya yi ƙara, irin ƙarar da yake yi in an juya mutum. Aka yi shiru kamar minti huɗu, na duba agogo. Sai igiyar ƙofar ta shiga lilo. Sai asabari na biyu. Haka bi da bi har na goma sha ɗaya, inda na ji Baba Magagi ya ce, "Sannu, ɗiyata." Minti arba'in da shida duka. Na tashi na je na taɓa sabon ƙullin. A jiƙe yake, yana warin ruwan rijiya. A ƙasa ba sawu.

Abin da na ƙidaya shi na rubuta: ashirin da takwas. Kaye ba shi da gurbin rubuta wanda ya yi ƙulli.

Azumi ya zo ya wuce. Ba wanda gyambo ya kama a layi na uku, amma mutanen sun sake. Sun rage ci. In Safi ta yi musu magana sai ta maimaita sau uku kafin su amsa. Duk yadda aka kwantar da su da hantsi, za a iske fuskokinsu suna kallon ƙofa, suna jiran rana tsaka.

Bayan Salla amsa ta zo daga Yamai. Na karanta wa Kubura a gindin goriba. An ce an duba rahotannina, an ga mata biyu sun riƙe mutum talatin da ɗaya ba ƙulli ɗaya da ya ɓace. An yaba wa uwar zango. Ba za a aiko madadi ba. Har ana shawarar mayar da doka mai jinya ɗaya ga mutum goma sha biyar.

Kubura ta ce, "Jiya Magagi ya ce mini hannunta ya fara rawa. Ya ce, matata, yarinyar ga ta gaji, sallame ta."

Na ce, "To ki ce kin karɓa mana, Inna."

"In karɓa in ba wa? Hannu biyu gare ni. Ranar da na karɓa, mutum goma sha ɗaya za su ruɓe da rana tsaka. Shi ya sa na yi shiru. Wata biyu ina aiki da matacciya, Malam Hamidu, kuma na sani." Ta ɗago kai. "Rubuta musu ƙulli goma sha huɗu."

Na ce ban taɓa rubuta abin da ban ƙidaya ba, kuma ba zan fara ba.

Ta ce, "Na san halinka. Zauna nan."

Ta tafi layi na uku. Ina kallo ta bi ƙofa-ƙofa tana kwance ɗaurin akuya ɗaya bayan ɗaya, tana barin nata da na Safi. Kaba in ta jiƙe ta bushe ba ta kwantuwa da sauƙi, har da haƙori ta yi. Ƙulli ɗari da hamsin da huɗu. Da ta gama yatsunta na jini. Duk lokacin nan ba wanda ya yi tari a cikin bukkokin.

Ta dawo ta ce, "Yanzu ƙidaya. Wanga shi ne aikin masu rai."

Na ce mata in na rubuta haka, sakaci za a kira shi, kuma a kanta zai faɗa, tunda ita ce shugaba.

Ta ce, "To a kan wa za shi faɗa?"

Na ƙidaya goma sha huɗu a kowace ƙofa, na rubuta. Haka muka yi Talata uku: sha biyar, ashirin da biyu, da ashirin da tara ga Mayu. Kowane mako ƙullin na dawowa, kowane mako tana kwancewa. A na uku na lura sun fara zama sako-sako, wasu ma zagaye ɗaya ne kawai.

Cikin Yuni aka aiko mai bincike. Ya duba kaye, ya tambayi Kubura ko gaskiya ne rabin aiki kawai ake yi a layi na uku. Ta ce gaskiya ne, mata biyu ba za su iya fin haka ba. Ya ce me ya sa da suna iyawa? Ta ce ba ta da amsar da zai rubuta. Aka sallame ta daga aiki. Aka bar doka a goma, aka aiko mutum biyu: wani mai suna Ibrah a matsayin shugaba a gurbin Kubura, da wata mata mai suna Muna don layi na uku.

Ran Talata, sha tara ga Yuni, ranar da za ta bar zangon, Kubura ta roƙi Ibrah ya bar ta ta kai rana tsaka. Ta tsaya a bakin layin, Muna a damanta, ni a bayansu. Da asabarin farko ya fara ɗagawa sai ta yi magana, da muryar da take yi wa kowace mai jinya.

"Dijatu. Mutum goma sha ɗaya, ba mai gyambo, ba mai ƙishi. Na karɓa. Tahi ki huta."

Asabarin ya sauka a hankali. Muka jira na biyu, bai motsa ba. Kubura ta juya wajen Muna, ta faɗa mata sunan kowa da halinsa, ta ce, "Na ba ki." Muna ba ta san me za ta ce ba, sai da na raɗa mata. Ta ce, "Na karɓa," ta shiga bukka ta farko.

Da muka isa ƙarshen layi muka iske tulu a ƙofar Baba Magagi, cike da ruwa har baki. Safi ta ce na Dijatu ne, ta san shi da tsaguwar da ke wuyansa. Kubura ta ce a ba mutane su sha, don su aka ɗebo.

Baba Magagi ya yi kwana uku yana ƙorafi wai hannun Muna zafi gare shi kamar kasko. Daga nan layin ya koma cin abinci. Talatar da ta biyo na ƙidaya ashirin da takwas, duk hannun Muna.

Kubura ta koma ƙauyensu wajen Sanam, gidan ƙanenta Sahabi. Tana tufka igiyar kaba tana kaiwa kasuwa. Sau ɗaya na gan ta bayan nan, ta tambaye ni mutum nawa ke layi na uku da ko mai jinyarsu na miƙa layi kafin ta fita. Ta rasu da damina ta 1959, bayan zazzaɓin kwana biyar. A takardunta har yau dalilin sallama sakaci ne, kuma rubutun hannuna ne.